Ƙuri'ar masoya da hukuncin alƙalai: wa ke da hurumin zaɓen gwarzon wasan gem?

Duk ƙarshen shekara, daidai lokacin da sanyin Jos ke tura mutane ɗaki tun bayan isha'i, masu buga wasan gem na duniya kan faɗa wata rigima da ba ta tsufa: wane wasa ne ya fi kowanne a bana, kuma wa ke da hurumin faɗa? Bikin da ya fi ta da wannan ƙura shi ne The Game Awards, wanda ɗan jaridar Kanada Geoff Keighley ya kafa a 2014, ake kuma yin sa duk watan Disamba a Los Angeles ta Amurka. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare ake fara shi a agogon Najeriya, saboda haka yawancinmu da safe muke tarar da sakamakon a waya, tare da cece-kucen da ya biyo baya.

A 2024 wasanni biyu ne suka raba kan jama'a. Na farko Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science da ke China, wanda ya fito a watan Agusta ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Na biyu Astro Bot, wasan tsalle-tsalle mai launuka na Team Asobi da ke ƙarƙashin Sony, wanda a PlayStation 5 kaɗai ake buga shi, cinikinsa kuma a makonni tara na farko miliyan 1.5 ne. Duk inda aka bar wa jama'a zaɓi, Wukong ne ya ɗauki kambu. Ya ci babbar kyautar Golden Joystick ta Birtaniya, ya ci ta masu amfani da Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ya kuma ci rukunin Players' Voice na The Game Awards, wanda ƙuri'ar masoya zalla ke yanke shi. Inda alƙalai ke da ta cewa kuwa labari ya sha bamban. Astro Bot ya zama gwarzon shekara a The Game Awards, ya maimaita a bukukuwan karramawa na D.I.C.E. ta Amurka da BAFTA ta Birtaniya, su kuma masu ƙera wasanni a taronsu na GDC suka ba Balatro, wasan kati da mutum ɗaya ya haɗa. Shugaban Game Science, Feng Ji, bai ɓoye takaicinsa ba. Ya rubuta a Weibo, kafar sada zumunta ta China, cewa tun shekara biyu kafin bikin ya tanadi jawabin karɓar kyautar.

Masoyan Wukong sun ce an yi musu fashi da rana tsaka. Masoyan Astro Bot sun ce yawa daban, inganci daban. Ni dai a ganina kowane ɓangare yana amsa tambayar da ba ita ɗan'uwansa ya yi ba. Ƙuri'ar jama'a tana auna yawan mutanen da wasa ya shiga ransu har suka tashi tsaye suka kare shi. Hukuncin alƙalai yana auna yadda aka ƙera wasan idan aka jera shi da takwarorinsa. Kowanne ma'auni ne na halak a muhallinsa. Rashin adalcin yana shigowa ne idan masu biki suka cakuɗa su, ko suka bar rukuni ba tare da iyaka ba, ko suka ɓoye alƙaluman. A waɗannan wurare uku nake ganin akwai bashin bayani a kan The Game Awards da takwarorinta.

Ga yadda tsarin yake. Kwamitin alƙalan ya ƙunshi kafafen watsa labarai da masu sharhin gem sama da ɗari daga ƙasashe daban-daban. Kowace kafa takan aika da sunayen wasanni biyar a kowane rukuni, a asirce, sai a tattara a fitar da waɗanda aka fi ambata a matsayin 'yan takara. Jama'a ba su da hannu a wannan mataki ko kaɗan. Bayan haka sai a buɗe ƙuri'a, kashi 90 cikin ɗari na alƙalai, kashi 10 na masoya. Masu bikin sun ce sun yi haka ne don kada wani gungu ya yi taron dangi ya karkatar da sakamako, kuma don kada wasan da ke kan na'ura ɗaya ya sha kaye a hannun wanda ke ko'ina don kawai ya fi shi yawan masu bugawa.

Hujjar tana da ƙarfi. Amma a duba abin da kashi 10 ke nufi a aikace. A ɗauka alƙalai sun ba wasa na farko kashi 40, na biyu kashi 30. Tazarar maki 10 ce, idan aka auna ta da nauyin alƙalai ta zama 9. Kafin masoya su cike wannan giɓi sai sun ba wasa na biyu kashi 95, na farko 5, kuma ko da hakan kunnen doki aka yi. Ke nan ƙuri'arka ba ta da tasiri sai in alƙalan da kansu sun kusa rabuwa biyu daidai. Tsara abu haka ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne a cika kafafen sada zumunta da kiran "ku fito ku zaɓi gwarzonku", yaro ya ƙona datarsa ya buɗe asusu ya kaɗa ƙuri'a, ya dinga jawo abokansa, alhali ba a taɓa nuna masa alƙaluman da za su tabbatar masa cewa ƙuri'ar jama'a ta taɓa juya sakamako ba.

To me zai hana a sakar wa jama'a ragamar baki ɗaya? An gwada, kuma an ga abin da ya biyo baya.

An ƙirƙiro Players' Voice a 2019. Ana fara shi da wasanni 30, a tace zuwa 10, sannan zuwa 5. A 2022 takarar ta koma tsakanin Sonic Frontiers da Genshin Impact, kuma ƙazamin faɗa aka yi. Kowane ɓangare ya zargi ɗayan da sakin na'urori masu kaɗa ƙuri'ar bogi. Da Keighley zai sanar da sakamako, shi da kansa ya ce sai da aka cire ƙuri'un na'ura kafin Genshin ya yi nasara. Akwai kuma zargi na biyu wanda ya fi na farko zurfi. Genshin wasa ne da ake saukewa kyauta, amma a ciki ana kashe wasu duwatsu masu daraja wajen jan sa'a don samun jarumai, kuma duwatsun ana iya sayensu da kuɗi. Kamfanin HoYoverse mai wasan ya saba raba wa 'yan wasa irin waɗannan duwatsu a matsayin godiya duk lokacin da ya ci wata kyauta. Bai fito ya ce "ku zaɓe mu mu ba ku" ba, amma kowane ɗan wasa ya san abin da ke biyo bayan nasara. Mu da muka san yadda taliya da turmin atamfa ke zagaya unguwa ana gobe zaɓe, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai raba kayan ba ya bukatar ya ce komai. A 2024 uku daga cikin biyar na ƙarshe, wato Genshin Impact da Wuthering Waves da Zenless Zone Zero, duk masu wannan tsari ne na jan sa'a, a 2025 kuma Wuthering Waves ne ya ɗauki kyautar. Ban ce wasannin ba su da kyau ba, miliyoyin mutane na son su tsakani da Allah. Amma wasan da aka saya sau ɗaya aka buga aka gama ba shi da abin da zai raba, don haka tun kafin a fara ba a kan layi ɗaya suke tsaye ba.

Kyaututtukan Steam, waɗanda kamfanin Valve ya fara a 2016, su ma jama'a ne ke zaɓe daga farko har ƙarshe. A zagayen 2023 rukunin da aka ware don wasan da masu shi ke ci gaba da yi wa hidima bayan fitowarsa ya tafi ga Red Dead Redemption 2. Wasan ya yi fice, babu mai musu. Sai dai tun a Yulin 2022 kamfanin Rockstar ya sanar da daina yi wa ɓangarensa na intanet manyan sabuntawa, har 'yan wasa suka taru a cikin wasan suka yi masa jana'iza. A wannan zagaye dai Starfield ya ci rukunin sabon salon wasa, alhali babban ƙorafin da masu bugawa suka yi a kansa shi ne ya maimaita tsohon salon kamfanin Bethesda da ya yi shi. Dalilin a fili yake. Steam na ba mai kaɗa ƙuri'a 'yar tukuici a kowane rukuni, sai mutum ya bi jerin yana danna sunan da ya sani, ko ya buga wasan ko bai buga ba. Sunan da ya fi shahara shi ke wucewa, rubutun da ke saman rukunin kuwa ba kowa ke karanta shi ba.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan ciwo. A 2018 ƙuri'ar jama'a ta ba Mohamed Salah kyautar Puskás ta ƙwallon da ya fi kyau a shekara saboda ƙwallon da ya ci Everton, a shekarar da Cristiano Ronaldo da Gareth Bale suka ci nasu ƙwallayen na baya-baya a gasar zakarun Turai. A shekarar da ta biyo baya FIFA ta sauya doka: jama'a su tace zuwa uku, tsofaffin 'yan wasa su yanke. A nan gida ma masu shirya kyautar finafinai ta AMVCA, duk da sunan kyautar na cewa zaɓin masu kallo ce, a 2024 sun ɗauke rukunonin fitattun jarumai daga hannun jama'a suka miƙa wa alƙalai. Kowa ya gane cewa jarumin da ya fi mabiya ba lallai shi ne ya fi iya wasa a wannan shekarar ba.

Akwai wata gaskiya kuma da mu masoya ba ma son a faɗa mana. Wasanni shida aka tsayar a takarar gwarzon 2024: Astro Bot, Balatro, Wukong, Shadow of the Erdtree, Final Fantasy VII Rebirth da Metaphor: ReFantazio. In za ka saye su duka a farashinsu na fitowa, sai ka kashe sama da dala 300, ban da kuɗin PlayStation 5 ɗin kanta. A canjin ƙarshen 2024 kuɗin ya haura Naira dubu 450, wato fiye da albashin wata shida na wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70. Biyu daga cikinsu kuma kowanne na cin sa'o'i da dama kafin a ga ƙarshensa. Mutum nawa ne a Jos, ko ma a Landan, suka buga duka shidan kafin su kaɗa ƙuri'a? Mafi yawanmu ɗaya muka buga, biyu muka kalla a YouTube, sauran sunansu kawai muka ji. Wanda ke cikin wannan hali zai iya shaidar abin da yake so, kuma shaidarsa gaskiya ce. Shaidar wanda ya fi kuwa sai wanda ya ga duka.

Wannan ba ya wanke alƙalai. Nasu matsalolin sun fi ɓoyuwa ne kawai.

Na farko lokaci. Ana rufe karɓar wasanni a tsakiyar Nuwamba, kuma manyan wasanni da dama tsakanin Satumba da Nuwamba suke fitowa. Ɗan jarida na da aikin yau da kullum, ba zai iya gama wasanni masu tsawo guda goma cikin makonni kaɗan ba. Wasan da ya fito a Disamba kuwa sai ya jira shekara guda, lokacin da ƙurarsa ta lafa, an manta da shi. Na biyu kamanceceniya. Kafafen nan galibinsu a Amurka da Turai da gabashin Asiya suke, ma'aikatansu na karanta juna, suna samun kwafin wasa kyauta daga kamfanoni kafin fitowarsa, kuma ɗanɗanonsu ya karkata ga wasan mutum ɗaya mai labari irin na fim. A duba jerin gwarazan: The Witcher 3 a 2015, God of War a 2018, The Last of Us Part II a 2020, Elden Ring a 2022, Baldur's Gate 3 a 2023. Manyan ayyuka ne, amma kusan 'yan gida ɗaya ne. Wasan ƙwallo ko na tseren mota bai taɓa cin wannan kyauta ba, haka wanda aka yi don waya kaɗai, duk da cewa wasannin waya ne ke kawo kusan rabin kuɗin shigar masana'antar.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi: bikin kansa kasuwa ne. Masu shi sun ce an kalle shi sau miliyan 118 a 2023, sau miliyan 154 a 2024. Abin da ke tara wannan jama'a tallan sababbin wasanni ne, kuma kamfanoni na biyan kuɗi don a nuna nasu. A kwamitin masu ba bikin shawara akwai Sony da Microsoft da Nintendo da wasu manyan kamfanoni. Masu bikin sun ce waɗannan ba sa sa baki a zaɓe, kuma ban ga hujjar da za ta ƙaryata su ba. Amma an ga inda fifikon yake a 2023, lokacin da aka riƙa ba waɗanda suka ci kyauta kusan daƙiƙa 30 su yi jawabi, allo na nuna musu su taƙaita, a kuma bar taurarin fim da masu talla su yi mintuna suna magana. Mutanen da suka shafe shekaru suna aiki aka kora daga dandamali don a samu filin talla. Har rukuni ake da shi na wasan da aka fi ɗokin fitowarsa, wanda Grand Theft Auto VI ya ci a 2024 da 2025. Kyauta ce ga abin da babu ɗan wasan da ya taɓa riƙewa.

Sai batun rukunoni, inda a ganina ɓarnar ta fi yawa, don ita ba ta bukatar maguɗi. Rashin iyaka kaɗai ya isa ya cuci wani.

A ɗauki rukunin masu zaman kansu. An yi shi ne don ƙananan masu ƙirƙira da ba su da babban kamfani a bayansu su samu inda za su yi takara da sa'o'insu. A 2023 aka tsayar da Dave the Diver a ciki. Wasan na da kamannin ƙaramin aiki, zanensa irin na da, amma Mintrocket da ya yi shi reshe ne na Nexon, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gem na Asiya. A wannan shekarar kuma Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya yi da kuɗinsa ya kuma fitar da kansa, bai shiga rukunin ba, saboda yana da ɗaruruwan ma'aikata kuma ya yi kama da babban aiki. To da me ake aunawa? Da mai kuɗin, da yawan ma'aikata, ko da kamannin zane? Da aka tambayi Keighley sai ya ce kalmar na da ma'ana daban-daban a wurin mutane daban-daban, an bar wa alƙalai su tantance. Sea of Stars ne ya ci a ƙarshe, amma kujerar da Dave the Diver ya hau ta wani ce, wani ƙaramin mai ƙirƙira da fitowar sunansa a wannan dare kaɗai za ta iya sauya masa rayuwa. A 2025 rigimar ta dawo da Clair Obscur: Expedition 33 na Sandfall da ke Faransa, wanda ya kwashi kyaututtuka tara, ciki har da gwarzon shekara da na masu zaman kansu a lokaci guda. A wannan shekarar ne kuma wanda ya yi Megabonk ya janye wasansa da kansa daga rukunin aikin farko, ya ce ya taɓa fitar da wasu wasanni a baya da wani suna. Mutumin ya yi abin yabo. Amma tantancewar da ya kamata masu biki su yi, ɗan takara ne ya yi musu ita.

Shadow of the Erdtree nasa daban ne. Ɗori ne a kan Elden Ring, ba ka iya buga shi sai ka mallaki uwar wasan, ka kuma kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg. Elden Ring ya riga ya ci gwarzon 2022. Dab da fitar da 'yan takarar 2024 masu bikin suka bayyana cewa ɗori da sabunta tsohon wasa duk suna iya shiga kowane rukuni. Ba wannan ne karon farko da ɗori ya yi takara ba, don Blood and Wine na The Witcher 3 ya ci rukuninsa a 2016. Amma fayyace doka ana dab da sanar da wanda zai amfana da ita, ko da zuciya ɗaya aka yi, yana sa wa mutane zargi. Ɗorin na da girman cikakken wasa, na yarda. Sai dai tushensa, salon faɗansa da injinsa, duk an riga an ba su lada sau ɗaya. Kamata ya yi a buɗe masa rukuninsa.

Ƙananan misalai ba sa ƙirguwa. A 2022 an jefa Sifu, wasan mutum ɗaya da ke dukan gungun maƙiya, cikin rukunin wasannin faɗa na gaba-da-gaba. A 2024 Helldivers 2 ya ci rukunin wasan da ke ci gaba da samun kulawa alhali a Fabrairun shekarar ya fito.

Akwai rukunin da ya fi shafar mu a nan. A wani gidan gem da ke kan titin Bauchi, irin wanda ake biya a buga wasa ɗaya, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba, janareta na kuka a bakin ƙofa, na ji wani ɗan sakandare ya tambayi mai wurin: "Yaya, wai wannan Astro Bot ɗin da aka ce ya fi kowanne, kana da shi?" Mai wurin bai ko ɗago daga kuɗin da yake ƙirgawa ba ya ce, "Ƙanena, in na saye shi wa zai biya ya buga? Ku da ba ku zuwa sai don ƙwallo da Mortal Kombat." Gaskiya ya faɗa. Abin da ke cika gidajen gem daga Anguwan Rogo zuwa Gangare shi ne EA Sports FC, wanda har yanzu kowa ke kira FIFA duk da an sauya masa suna a 2023, da eFootball da ake ce wa PES. A waya kuma Call of Duty: Mobile da PUBG Mobile da Free Fire. To ina waɗannan suke a daren bikin? Ƙwallon ƙafa na cikin rukuni ɗaya da tseren mota. A 2024 'yan takarar rukunin su ne F1 24, EA Sports FC 25, NBA 2K25, TopSpin 2K25 da WWE 2K24, wato mota da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da tenis da kokawa. Da wane ma'auni za a ce tenis ya fi mota? FC 25 ne ya ci, kuma irin wannan rukuni yawanci a jere ake karanto shi cikin sauri, ba mai hawa dandamali. Duk wasannin waya kuwa, daga na harbi zuwa na kati, rukuni guda aka ba su.

Haɗe rukunoni ba ƙaramin abu ba ne, kuma 'yan Kannywood sun ɗanɗana. Har 2023 AMVCA na da rukunin fim ɗin Hausa daban, na Yarabanci daban, na Igbo daban. A 2024 aka narkar da su cikin rukuni ɗaya na harsunan Afirka ta Yamma. Babu wanda aka hana shiga, amma kujera uku ta koma ɗaya, kuma wanda ya fi jari shi ya fi kusa da ita. Wanda ya zana iyakar rukuni ya riga ya yanke rabin hukunci tun kafin a kaɗa ƙuri'ar farko.

Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa shi ne a fitar da alƙaluma. Ƙwallo ta riga ta nuna hanya. A Ballon d'Or ta 2024 an yi rigima sosai, har Real Madrid ta ƙaurace wa bikin, amma mujallar France Football ta buga yadda kowane ɗan jarida ya zaɓa, kowa ya ga Rodri ya wuce Vinícius da maki 41. FIFA ma na fitar da ƙuri'ar kowane kyaftin da kowane koci a kyautar The Best. Kana iya ƙin sakamakon, amma ka san wa ya zaɓi wa. The Game Awards na bayyana sunayen kafafen da ke cikin kwamitinta, amma ba ta faɗin yadda suka zaɓa ko tazarar da aka samu. Masu kare wannan sirri na cewa in aka fallasa ƙuri'u, masoya za su far wa 'yan jarida da zagi da barazana, kuma wanda ya ga zagi da barazanar da suka biyo bayan fitowar The Last of Us Part II a 2020 ya san ba tsoron banza ba ne. To a ɓoye sunaye, a fitar da jimilla: alƙalai sun ba kowane wasa kaza, jama'a sun ba shi kaza, an cire ƙuri'un bogi kaza. Wannan ba zai jefa kowa cikin haɗari ba.

Sannan a rubuta iyakar kowane rukuni da lambobi tun farkon shekara. In masu zaman kansu ne, a faɗi iyakar jari ko yawan ma'aikata, a faɗi ko mallakar babban kamfani na fitar da wasa daga ciki. A raba kyautar masoya da ta alƙalai sarai, kowacce da darajarta da lokacinta a dandamali, maimakon kashi 10 da ke sa jama'a jin suna da iko alhali ba su da shi. Kyautar masoya ba ƙaramar kyauta ba ce. Wasan da ya sa miliyoyin mutane suka tashi don su kare shi ya yi wani abin da ya cancanci a yaba, matuƙar an kira yabon da sunansa.

Wannan magana ta shafi masu shirya gasa da karramawa a nan gida, a Jos ko Abuja, ko na gem ne ko na waƙa ko na masu barkwanci a TikTok. An saba a buɗe zaɓe a Facebook ko Instagram a ce wanda ya fi samun danna-so shi ya ci, wani lokaci ma kowace ƙuri'a da kuɗinta, wanda ya fi aljihu ya fi ƙuri'a. In za a yi, a sanar da doka kafin a buɗe, a faɗi kason alƙalai da na jama'a, a taƙaita ƙuri'a ɗaya ga lambar waya ɗaya, a buga sakamakon da adadinsa. Ɗan takarar da aka kama yana alƙawarin katin waya ko data ga wanda ya zaɓe shi, a cire sunansa a kuma faɗi dalili a bainar jama'a.